Yadda Ake Saita Ɓangaren Sarrafa Kaya a ERPNext: Misali Daga Injin Abincin Kaji

Ranar da na fara zuwa wata masana'antar abincin kaji a gefen Kano don in ɗora musu manhajar tafiyar da kasuwanci, mai gidan ya zaunar da ni a ofis ya ce abu uku yake so. Ya buɗe wayarsa da safe ya ga masara nawa ta rage, kwana nawa za ta kai su, sannan nawa buhun abincin kaji masu ƙwai ya tsaya masa. Na ce, "Alhaji, duk za a samu, amma a yi mini izini mu fara leƙa sito." Muka sa lebura suka riƙa ɗora buhunan masara a sikeli ɗaya bayan ɗaya har goma. A littafin mai sito kowane buhu kilo 100 ne. A kan sikeli kuwa, wannan 96, wancan 91, guda ɗaya tak ya cika. Mai siton, wani dattijo mai natsuwa, ya dube ni ya ce, "Injiniya, ai buhu suna ne kawai. Mu da ke nan mun sani."

Su sun sani, manhaja kuwa abin da aka gaya mata kawai ta sani. Idan ka ce mata kana da buhu 200 na kilo ɗari-ɗari, a kan tan 20 za ta tsara maka aikin mako, ranar Laraba da rana mai inji ya zo ya ce masara ta ƙare. Shi ya sa duk matakan da zan jero a nan daga bakin sikeli suke farawa, kuma jerin da na bi yana da muhimmanci. Wanda ya tsallake na farko ya faɗa na biyar, sai ya dawo.

Na ɗauki ERPNext ne saboda da ita na fi aiki. Kamfanin Frappe na birnin Mumbai a Indiya ne ya ƙirƙire ta, kuma buɗaɗɗiyar manhaja ce, ba a biyan kuɗin lasisi, sai kuɗin inda za a ajiye ta a intanet da na wanda zai saita. Mai amfani da Odoo, wadda ta fito daga Beljiyam, zai tarar da kusan duk abin da zan faɗa a can da wasu sunaye. Allon da Turanci yake, don haka zan ambaci sunan kowane babban shafi sau ɗaya yadda yake a rubuce, daga nan mu ci gaba da Hausarmu.

Mataki na farko: kaya da ma'auninsu

Ka yi wa duk abin da ke shiga inji rajista: masara, tunkuzar waken suya, dusar alkama, farar ƙasa, garin ƙashi, gishiri, firimiks (haɗin bitamin da ma'adinai), da metiyonin da laisin (sinadaran gina jiki da ake ƙarawa kaɗan-kaɗan). Kada ka manta da buhun da babu komai a ciki, da zaren ɗinki, da takardar da ake ɗinkewa a bakin buhu. Waɗannan ƙananan su ne suke tsayar da aiki ba zato, domin ba wanda yake ƙirga su sai sun ƙare.

Kowane kaya yana da ma'aunin ajiya guda ɗaya. Ga duk abin da ake awo, ka sa kilo. Tun ran gini tun ran zane: da zarar an yi shige da fice ko sau ɗaya da wani kaya, manhajar ba za ta bari ka canza ma'auninsa ba, sai dai ka buɗe sabon kaya ka rufe tsohon. Akwai wurin da za ka rubuta cewa buhu ɗaya daidai yake da kilo kaza, kuma wannan yana da amfani ga abin da ke zuwa da nauyi tabbatacce, kamar firimiks na kilo 25 daga kamfani. Ga masarar da aka ɗauko daga Dawanau ko daga kasuwar ƙauye, ban yarda da shi ba. A auna mota, ko a auna buhunan, a shigar da abin da sikeli ya nuna.

A shafin kayan dai za ka zaɓi yadda za a riƙa lissafin darajarsa. Ko dai na farkon shiga shi ne na farkon fita, ko kuma matsakaicin farashi da ke sauyawa duk lokacin da sabon kaya ya shigo. Ga hatsin da ake zubewa wuri ɗaya, na kaka da na bazara su cakuɗe, matsakaicin ya fi dacewa da abin da ke faruwa a ƙasa. Sannan ka kunna lambar zubi (lambar da ake ba kowane karo na haɗi) da ranar lalacewa ga firimiks da kuma abincin da aka gama. Ranar da wani mai gona ya kira ya ce kajinsa sun rage ƙwai, lambar da ke jikin buhu ce za ta kai ka ga ranar da aka haɗa shi da kayan da aka zuba.

Mataki na biyu: sito-sito da ƙirgen buɗewa

Manhajar tana zuwa da sito na ɗanyen kaya, da na aikin da ke gudana, da na kayan da aka gama. Na tsakiyan ne mutane ke tambaya a kai, domin ba ɗaki ba ne mai ƙofa da kwaɗo. Filin inji ne. Duk abin da ya bar hannun mai sito amma bai zama buhun sayarwa ba tukuna, a nan yake zaune, kuma amanar shugaban masu inji ce. Ka ƙara sito guda na kayan da aka killace, inda masara mai danshi ko buhun da aka dawo da shi zai tsaya ba tare da ya shiga lissafin aiki ba.

Sai ka zaɓi rana, a tsayar da inji, a auna komai, a shigar a matsayin kayan buɗewa da farashinsu. Ranar tana da wuya, ana kai dare, amma ba ta da madadi. Bayan an gama, ka shiga saitin sito ka tabbatar an kashe damar da ke barin kaya su yi ƙasa da sifili. Za a roƙe ka ka buɗe ta "na yau kawai", saboda mota ta sauke kaya ba a shigar ba kuma inji na jira. Ka ƙi. Shigar da kayan ba ya wuce minti biyar, gyara lissafin da ya shiga ƙasa da sifili kuwa yakan ci wa akanta kwanaki.

Wani abin da ake mantawa: kuɗin mota, kuɗin lodi da saukewa, da la'adar dillali duk suna cikin farashin masara. Akwai takarda ta musamman da ke raba irin waɗannan kuɗaɗe a kan kayan da aka karɓa. Idan ba a yi amfani da ita ba, farashin buhunka zai fito da sauƙin da ba na gaskiya ba, ka yi ta sayarwa kana zaton riba.

Mataki na uku: takardar haɗi

Wannan ita ce zuciyar aikin, a allo an rubuta BOM. Ita ce ke cewa don a samu kaza, ana zuba kaza da kaza. Ga misali na zubin tan ɗaya na abincin masu ƙwai, don mu samu abin lissafi kawai, haɗin gaske kuwa daga masanin abincin dabbobi na kamfaninku zai fito: masara kilo 550, tunkuzar waken suya 200, dusar alkama 140, farar ƙasa 80, garin ƙashi 20, gishiri 3, firimiks 2.5, maganin ɗaure gubar funfuna 2, metiyonin 1.5, laisin 1. Jimla kilo 1,000.

Amma wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin niƙa ya san ba kilo 1,000 ke fitowa ba. Ƙura ta tashi da wani, zafin niƙa ya busar da wani, wani ya maƙale a bututu. Kafin ka rubuta komai, ka auna abin da ya shiga da abin da ya fita a zubi goma a jere. Idan matsakaicin ya ba ka 990, to ka rubuta cewa wannan takardar kilo 990 take haifarwa daga waɗancan kayan. Manhajar tana da gurbin rubuta kason asara, amma ni na fi son wannan hanyar, domin duk lissafin da za a yi daga baya zai ɗauki asarar da kansa ba sai an tuna ba.

Ina ba da shawarar a yi takardar hawa biyu. Ta ƙasa tana haifar da garin haɗi a kilo. Ta sama tana ɗaukar kilo 25 na garin, da buhu ɗaya, da takardar baki ɗaya, da ɗan zare, ta haifar da buhun sayarwa guda. Amfanin haka shi ne ranar da wani babban mai gona ya ce a zuba masa a buhun kilo 50, ko a loda masa a zube, ba sai ka sake rubuta haɗin ba. Kuma idan masani ya canza haɗi, wuri ɗaya za a taɓa.

Game da canjin, ka sani cewa takardar da aka tabbatar ba ta gyaruwa. Sabuwa ake yi, a mayar da ita ta dindindin, a kashe tsohuwar. Mutane kan ji haushin wannan da farko, alhali kariya ce, domin ita ke sa ka iya cewa abincin watan jiya da wane haɗi aka yi shi. A lokacin da masara ta yi tsada aka koma saka dawa, kana iya yi wa dawa rajista a matsayin madadin masara, ko ka ajiye takardar haɗi ta biyu. Na fi son ta biyun, domin idan dawa ta shigo sauran kayan ma sukan ɗan motsa.

A ƙasan shafin za ka zaɓi farashin da za a yi lissafi da shi: darajar kayan da ke sito, ko farashin sayayya ta ƙarshe. Don littafin akanta, darajar sito. Amma ranar da Alhaji zai yanke sabon farashin sayarwa, a duba masa da na sayayyar ƙarshe, tunda da wannan kuɗin zai sake cika siton.

Mataki na huɗu: injuna da lokacinsu

Kowane inji ana buɗe masa shafi, sunansa a allo Workstation: injin niƙa, injin gauraya, wurin zubawa da ɗinki, da injin curawa idan kuna yin mai ƙwaya-ƙwaya. A kowanne za ka rubuta sa'o'in aiki da kuɗin da yake ci a awa ɗaya, wato wuta, ladan ma'aikata, haya, da kayan da ke cinyewa kamar rariya da guduma da man shafawa.

Kuɗin wuta yana bukatar natsuwa. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya ta ɗaga farashin masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun sa'o'in wuta a rana, zuwa naira 225 a kowane yunit. A farashin wancan lokacin, injin da ke jan kilowat 30 yana cin naira 6,750 a awa. Idan aka koma janareta kuwa, sai ka auna litar gas nawa yake sha a awa ka raba wa injunan da yake ɗauke da su. Ka duba watanni uku da suka wuce, ka ga awa nawa aka yi a wutar gwamnati, nawa a janareta, ka fitar da matsakaici. Ka sa a ranka za ka sake duba adadin duk bayan wata uku.

Sa'o'in aiki kuma ka rubuta na gaskiya. Ka cire lokacin sallar Azahar da cin abinci. Ka yi jadawalin hutu mai ɗauke da ranar hutun mako da ranakun Sallah ƙarama da babba, ka haɗa shi da kowane inji. Juma'a rabin yini ce a yawancin masana'antunmu, azumi ma yana da nasa tsarin, wasu kan mayar da aiki dare. Idan ba ka gaya wa manhaja ba, za ta cika maka waɗannan sa'o'in da aiki, ka yi wa dila alkawarin ranar da ba za ta yiwu ba.

Sai ka rubuta ayyukan a jere, niƙa, gauraya, zubawa, kowanne da injinsa da mintocin da yake ɗauka a zubi ɗaya, ka saka su cikin takardar haɗi. Mintocin nan da agogo a hannu ake samo su, a tsaye a filin inji, har da lokacin lodawa da juyewa. Abin da ke rubuce a jikin inji na ranar da yake sabo ne.

Mataki na biyar: saitin gaba ɗaya

Shafin saitin sarrafawa gajere ne, abu uku ne a ciki suka fi damuna. Ka zaɓi siton aikin da ke gudana da na kayan da aka gama don kada a riƙa tambaya kullum. Ka ba da damar wuce adadi da kashi uku cikin ɗari, saboda zubin da aka yi tsammanin buhu 39 wani lokacin yakan ba da 40, kuma idan babu wannan dama manhajar za ta ƙi karɓa.

Na ukun shi ne mafi nauyi. Idan an gama aiki, da wane adadi za a cire ɗanyen kaya daga lissafi: da abin da takardar haɗi ta ce, ko da abin da aka fitar daga sito zuwa filin inji? Na farko ya fi sauƙi, amma yana ɓoye ɓarna. Ko an zuba kilo 580 na masara, 550 zai rubuta, ragowar talatin su yi ta taruwa a lissafin filin inji ba tare da akwai su a ƙasa ba. Ka zaɓi na biyu. A masana'antar da na ambata, wannan zaɓin ne ya nuna mana cewa firimiks yana fita fiye da ƙima a aikin dare. Da muka je muka tsaya, ba sata ba ce. Ƙaramin sikelin ya lalace, yaran suna awo da gwangwanin madara, suna ɗan ƙarawa don kada ya gaza. Aka sayo sabon sikeli, magana ta mutu.

Mataki na shida: jadawalin sarrafawa

Yanzu ne aka zo abin da Alhaji ya nema. Shafin sunansa Production Plan. Ka ce masa ya ɗauko odar dilolin da ba a cika ba, ko ka rubuta adadin da kake hasashe da hannunka.

A ce odar mako buhu 600 ce, akwai 120 a sito, za a yi 480. Danna maɓallin ɗauko haɗin ƙasa, zai ce ana bukatar kilo 12,000 na gari. Tunda takardarmu 990 take bayarwa, masarar da ake bukata ta kama kilo 6,667, ba 6,600 ba. Sai ka danna na ɗauko ɗanyen kaya.

A nan ka fahimci yadda yake tunani, domin ba abin da ke sito kaɗai yake kallo ba. Yana haɗa abin da ke ƙasa da abin da aka yi oda yana hanya, ya cire abin da aka riga aka ware wa wani aiki. Idan akwai kilo 4,000 a sito, 2,000 suna hanya, an ware 1,500 don abincin 'yan tsaki, to 4,500 yake gani, ya ce a sayo 2,167. Hatsarin yana cikin "suna hanya". Tsohuwar odar sayayya da aka fasa da baki a waya ba a rufe ta a manhaja ba, har gobe ana ƙirga ta. Duk ranar Asabar mai sayayya ya zauna ya rufe irin waɗannan.

Daga wannan shafin za ka fitar da takardun bukatar kaya zuwa ga mai sayayya, da umarnin aiki zuwa filin inji. Kafin ka tabbatar, ka daidaita adadin da girman injin gauraya. Kilo 12,000 zubi 12 ne da ɗan guntu. Ko ka cika 13 ragowar ta zauna a sito, ko ka tsaya a 12 ka cike gibin a mako mai zuwa, amma kada ka tura wa mai inji guntun zubi, domin ƙananan sinadarai ba sa gaurayuwa da kyau idan inji bai ɗauki kimarsa ba. Ka kuma jera aikin yadda za a rage wanke inji tsakanin abinci mai magani da marar magani.

Don kada a dogara da jadawalin mako kaɗai, ka sa wa manyan kaya iyakar da idan sun sauka ƙasa da ita manhajar za ta fitar da bukatar saye da kanta. Lissafin mai sauƙi ne. Idan kuna cin tan 3 na masara a rana, kuma daga yin waya zuwa saukewa kwana 4 ne, tan 12 ke nan, ka ƙara na kwana biyu saboda lalacewar mota ko ruwan sama, iyaka ta zama tan 18. Metiyonin da laisin daga ƙasashen waje ake shigo da su, hanyarsu ta fi tsawo, don haka tazararsu ta fi faɗi duk da ƙanƙantar adadinsu. Sayen masarar kaka don ajiya kuwa shawarar mai gida ce da aljihunsa. Abin da manhaja za ta ba shi shi ne adadin da aka ci a kowane wata na bara.

Mataki na bakwai: ranar aiki

Umarnin aiki, Work Order a allo, yana tafiya ne da taku uku. Mai sito ya danna farawa, ya auna kaya, ya gyara adadin ya dace da abin da ya fitar da gaske, ya tabbatar. Manhajar ta riga ta buɗe katin aiki ga kowane inji, mai inji ya danna lokacin da ya kunna da lokacin da ya kashe. Idan an ɗinke buhun ƙarshe, shugaban aiki ya ƙirga ya danna gamawa, kayan su koma siton sayarwa da lambar zubinsu da farashinsu.

Duk wannan a lokacin da abin ke faruwa ake yinsa. Al'adar tara takardu a kai wa yaron kwamfuta da yamma, ko ma washegari, ita ce ke kashe irin wannan tsari. Waya mai sauƙin kuɗi guda a sito, guda a filin inji, ta wadatar. Kowa ya shiga da sunansa, kuma wanda ke fitar da kaya kada ya zama shi ne mai ikon canza takardar haɗi. Idan wuta ta ɗauke ko bel ya tsinke, akwai shafin rubuta tsayawar inji da dalilinta, a cike shi ko da minti ashirin ne. Bayan wata biyu wannan shafin ne zai gaya wa mai gida ko sabon janareta yake bukata ko makaniki na dindindin.

Kada ka kunna komai a rana ɗaya. Ka ɗauki abinci kala ɗaya, ka bi shi daga oda har lodi na mako biyu, littafin takarda yana tafiya a gefe, kullum da yamma a gwada su biyun. Inda suka saɓa, a je filin inji a gano dalili kafin a taɓa saiti. A ƙarshen kowane mako ka buɗe lissafin siton aikin da ke gudana bayan an share fili: idan inji a kashe yake, ƙasa babu komai, amma allo yana nuna kilo 400 na dusa, akwai umarnin aikin da ba a rufe ba ko kayan da aka mayar sito ba a rubuta ba. Idan wannan lissafin ya dawo sifili mako biyu a jere, sai ka shigo da abincin 'yan tsaki, bayansa na kajin nama.